Autan Kaka Ba Riga

Ranar da muka kai Kaka makwancinsa, kowa da abin da ya zo yi wa kuka. 'Yan masallacin unguwarmu ta Nyohini suna cewa sahun gaba ya yi giɓi. Matan Gumani masu kiwon zabbi sun zo a kan kekuna da bayan moto, wato babur, suka zauna a tabarma ɗaya suna faɗa wa juna da Dagbanci cewa shi kaɗai ne ɗan boko da ya taɓa tsugunawa ya leƙa akurkinsu. Malaman jami'a kuma suna gefe cikin manyan rigunan saƙi, suna Turanci ƙasa-ƙasa. Wani tsohon mai ɗab'i ya riƙe hannun Mma, matar Kaka, ya ce, "Hajiya, Furof ya sa ni sake aiki sau uku saboda waƙafi ɗaya, amma wallahi ban taɓa jin haushinsa ya kwana ba." Mma ta ce, "Kai ka huta. Ni na zauna da shi."

Ni jikarsa ce, kuma na kasa zama wuri ɗaya. In na shiga ɗakin mata sai in fito, in na fito sai in koma. Ba na cikin masu iya kuka a gaban jama'a, don haka sai na yi ta ɗaukar kujeru ina sauya musu wurin da bai fi na da ba.

Ina cikin haka wata malama ta tare ni. Na santa, tana koyarwa a kwalejin noma, kuma ta daɗe tana aiki da matan Gumani a kan abin da ke kashe 'ya'yan zabbi da damina. Ta yi mini gaisuwa, sannan ta ce, "Sista, ki yi haƙuri, na san ba wurinsa ba ne. Amma Auta fa? Na buɗe shafin a intanet, babu kome. Pepa na, binciken da na rubuta, yana ciki, kuma kwamitin ƙarin girma sun ce sai sun gani da ido."

Raina ya ɓaci, don ba a ma kwashe tabarmin jana'iza ba. Amma tambayar da ta yi ita ce take cina tun a hanya.

Auta ba mutum ba ne. Mujallar binciken noma ce da Kaka ya kafa shi da abokansa tun yana aiki a tashar bincike da ke wajen Tamale, ya ci gaba da riƙe ta bayan ya yi ritaya. A cikinta ake buga abin da masana suka gano game da dawa da doya da kaɗanya da zabbi na wannan yanki namu. Mma ce ta raɗa wa mujallar wannan suna, don ta ce duk 'ya'yan gidan sun girma sun kama gabansu, wannan ne kaɗai kullum bakinsa a buɗe. Sunan ya bi gari, har mai ɗab'i in ya turo saƙo sai ya ce a gaya wa Furof Auta ya fito.

Kaka mutum ne mai gajen haƙuri da rubutun ganganci, mai dogon haƙuri da mutane. In matashi ya kawo masa bincike, sai ya cika takardar da jan biro har ka rasa baƙin, sannan ya sa a kawo wa yaron tuwo. Yakan ce, "Ci ka ƙoshi tukuna, gyara ba ya shiga kunnen mai yunwa." Ba ya hawa moto. Tsohon kekensa yake turawa har cikin gari, mujallu ɗaure a baya da roba, 'yan yalo-yalo, masu keke napep, suna ta danna masa hon yana ɗaga musu hannu kamar gaishe shi suke yi. Ni yana kirana Amarya, ina kiransa Tsoho, irin wasan kaka da jika, kuma duk faɗan da muka yi a cikin wannan wasan muka yi shi.

Akwai labarin da duk gidan ya sani. Wata safiya ya aika a sayo masa koko da ƙosai wajen matar da ke suya a bakin titinmu. Ya warware takardar zai ci, sai ya ga jawabinsa na edita, mai ya jiƙe shi har ana hangen bayan shafin. Ashe Mma ce ta ga tarin mujallu suna cin wuri, ta kwasa ta ba mai ƙosai. Ya fito tsakar gida da takardar a hannu, ƙosai na zuba, yana cewa, "Hajiya! Ɗanki kika kai aka soya!" Mma ta ce ai gara ma ya yi wa wani amfani. Bai ci kome ba ran nan har azahar.

Abu biyu ya yi bayan haka. Ya je wajen mai ƙosai, ba da faɗa ba, ya nuna mata mujallar ciki da waje, ya yi mata alkawarin zai riƙa tara mata tsoffin jaridu in ta bar masa Auta. Ya cika alkawarin har ƙafarsa ta daina kai shi, daga nan ya riƙa aikawa. Na biyu, ya ɗauko tawadarsa ta allo da alƙalamin kara, ya bi kowane kwafi da ya ajiye a gida ya rubuta Bismillah a saman bangon. Ya san mutanensa. Takardar da ke ɗauke da sunan Allah babu mai naɗe ƙosai da ita, babu mai hura wuta da ita, babu yaron da zai yage ta ya yi jirgi. Ya ce, "Na sa wa Auta riga."

Da na gama karatun kwamfuta na dawo gida, na tarar da Auta yana numfashi da ƙyar. Takarda ta yi tsada, tawadar inji ta yi tsada, kuɗin aikawa ta gidan waya ya fi na bugun. A buga kwafi kaɗan, rabi su ƙare a ɗakin Kaka suna jiran gara. Na ce, "Tsoho, mu kai shi intanet. Ba takarda, ba gidan waya, kuma wanda ke Bamako ko Kano zai karanta a ranar da muka saka."

Ya ce, "Amarya, a ina zai kwana?"

Na yi masa bayanin cewa akwai kamfanoni masu manyan kwamfutoci da ake ajiye shafi a wurinsu, ana biya duk shekara.

"To, ɗakin haya ne ke nan."

"Kamar haka."

"Ni na gina gidana don kada ɗana ya kwana a haya. Mai haya fa ranar da bai biya ba, a waje yake ganin kayansa."

Mun fi wata muna wannan jayayya. Abin da ya karya shi ba maganata ba ce. Wata ƙungiya ta ƙasar waje ta ba da tallafin mayar da ƙananan mujallu intanet, abokan aikinsa suka taso shi a gaba, ya sa hannu yana gunaguni. Ba a daɗe ba saƙo ya shigo daga wani malamin gona a Nijar, yana cewa ya karanta wani bincike a kan ajiyar dawa ya gwada a ƙauyensu. Kaka ya sa na karanta masa har sau biyu, ya sa na buga masa a takarda, ya kai masallaci yana nuna wa mutanen da ba su tambaye shi ba. Da yamma ya ce mini, "Keken nan nawa da ba zai taɓa kai shi Nijar ba." Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma a wurin Kaka wannan ya kai a ce ya ba ni gaskiya.

Sai dai ni ma na sha mamaki. Na ɗauka in an bar takarda an huta da kashe kuɗi. Ashe ga hayar ɗakin, ga kuɗin riƙe sunan shafin, ga lambar shaida da ake yi wa kowane bincike rajista don a same shi ko'ina a duniya, ita ma da dala ake biya. Ga mai tsara shafuka, ga data, ga wuta da ke ɗaukewa ana tsakiyar aiki. Kaka ya dubi takardun ya yi dariya har da tari. "Tsugune ba ta ƙare ba, Amarya. An sayar da kare an sayi biri."

A nan babban faɗanmu ya taso. Na ce tallafi ba ya dawwama, mu yi yadda mujallu da yawa ke yi, marubuci ya biya wani abu kafin a buga masa, mai karatu kuma ya karanta kyauta. Kaka ya ajiye cokalin shayinsa.

"A ina kika taɓa ganin manomi ya kawo doya kasuwa, kuma ya biya mai saye?"

"To mu rufe shafin, mai karatu ya biya."

"Malamin nan na Nijar da me zai biya? Da dawa?"

"Tsoho, wani dai sai ya biya! Iska ba ta riƙe shafi."

Ya ce ya san yaran da ke kawo masa bincike, da albashinsu suke sayen man moto su je gona su auna, in aka ce su biya sai masu tallafin Turawa kaɗai za su riƙa magana, sauran su yi shiru da abin da suka gano. Na ce in Auta ya mutu ai dukansu sun yi shiru. Na tashi na bar shayina. Kwana biyu ban leƙa ɗakinsa ba, sai ga shi ya aiko mini da gasasshiyar zabuwa, wai a gaya wa Amarya ba a yaji a kan abin da ba a gama shawararsa ba. Har yau ina ganin ina da hujja, shi ma yana da ita, kuma hujjar kowa ba ta biyan haya.

Duk tsawon shekarun intanet ɗin nan akwai abin da bai bari ba. Duk fitowar da muka saka, sai ya sa a buga masa kwafi ɗaya tak, ya kai wa mai gyaran takalma ya ɗinke gefen da zare, ya dawo ya rubuta Bismillah a bango ya ɗora a kan 'yan'uwansa. Ina yi masa tsiya, ina cewa Tsoho na ajiye fitilar ƙwai a gidan da ke da lantarki. Sai ya ce, "Lantarkin Tamale? Bar mini fitilata."

Aure ya kai ni Kumasi, haihuwa ta zaunar da ni. Aikin shafin ya koma hannun wani jami'in shirin tallafin, shi ya saka fitowa ta ƙarshe lokacin ina jego. Shirin ya ƙare, jami'in ya sami aiki wani wuri, saƙonnin tunin haya suka yi ta shiga akwatin da babu mai buɗewa. Kwamfutar ofis da ke da ajiyar kome kuma tsawa ta ƙona ta da damina. Kaka yana kwance ba lafiya, ba wanda ya so ya ɗaga masa hankali. Ranar da na buɗe shafin na ga babu, na kira kamfanin, suka ce wa'adin ajiya ya wuce, sun share. Na zauna da jariri a cinya na rasa wanda zan zaga. Abin da ya rage na shekarun nan a wuri ɗaya shi ne tarin da ke ɗakin Kaka, mai ɗinkin zaren takalma.

Shi ya sa na ce wa malamar ta kwantar da hankalinta, pepanta yana cikin riga, babu mai taɓa shi. Na so in shiga ɗakin a ranar, amma maza baƙi sun cika shi, kuma ba a ga dacewar jika ta fara kwasar kaya ba a yi addu'ar bakwai ba.

Daren addu'ar Mma ta kira ni tana ninke mayafi. Ta ce, "Tsohonki ya bar miki saƙo. Ya ce maganar da kuka yi faɗa a kai, ta wanda zai ciyar da Auta, ya yi tunani ya rubuta amsarsa a jawabinsa na fitowar ƙarshe. Ya ce in kin zo ki karanta, in ba ki yarda ba ki same shi ku ƙarasa." Ta yi murmushi, ta share ido da bakin mayafin. Ban taɓa ganin wannan jawabi ba, don fitowar ta zo ta wuce ina fama da jariri.

Da safe na shiga ɗakin Kaka. Kantar babu kome sai ƙura da sawun inda mujallu suka zauna.

Kaka yana da ƙane, muna ce masa Ƙaramin Kaka, shi ne ladanin masallacinmu. Mutum ne mai tsoron Allah, ba ya wasan jika, kuma ya fi kowa kukan rashin wansa. Na same shi a bayan masallaci tsugune gaban wani ɗan rami, toka na hayaƙi a ciki. Na matsa kusa da shi.

"Ƙaramin Kaka, ina takardun?"

Ya ce, "Gara ya fara cin na ƙasa, rufin kuma yana yoyo. Sunan Allah ba ya zama a haka. Na yi masa abin da ake yi wa tsohon warƙa na Alƙur'ani, na ƙona zan binne."

"Duka kuka ƙona?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Ni mahaukaci ne? Bangon kawai na cire, inda sunan yake. Sauran ai Turanci ne. Na ba mai ƙosai sadaka, Allah ya kai ladan ga Yaya."

Ban san lokacin da na hau bayan moton wani maƙwabci ba, ko takalmin kirki babu a ƙafata, alhali wurin bai kai a hau kome ba. Hantsi ya riga ya yi, masu koko sun watse. Ina tafe ina duban hannun duk wanda muka wuce.

Mai ƙosai ta tsufa, yanzu 'yarta ke suya, ita tana zaune a benci tana karɓar kuɗi. Tana ganina ta ɗaga hannu. "Jikan Furof, zo, zo. Kada ka yi kuka." Ta janye buhun da ya rufe ƙarƙashin tebur. Suna nan a jere cikin kwandon roba, ba bango, zaren ɗinki na reto.

Ta ce, "Jiya da yamma Malam ya aiko. Ni ina gani na ce a'a, wannan Auta ne. Na san shi ko ba riga. Furof ya ba ni jarida shekara da shekaru don wannan yaro, yanzu ya mutu in soya shi? Na ce gobe zan kai wa Hajiya." Sai ta yi ƙasa da murya. "Amma yarinya na bai sani ba. Ya riga ni fitowa da asuba, jarida ya ƙare, ya ɗiba kaɗan a na sama. Kaɗan ne, wallahi."

Na ɗauki na saman. Fitowar ƙarshe ce, don Kaka kullum sabo yake ɗorawa a kan tsoho. An yage ganyen farko-farko. Binciken farko yana nan daga shafinsa na biyu, na malamar zabbi yana can tsakiya lafiya lau. Jawabin edita shi ne a gaba, kuma shi ne ya tafi.

Na tambayi yarinyar wa da wa suka saya. Ta ce 'yan moto ne da 'yan sukul da masu zuwa kasuwa, ina za ta sani. Na bi kwatar bakin titi ina juya kowace takarda mai maiƙo da tsinke, har wata mata ta tambayi ko kuɗi na yar. Na sami rabin shafi na jerin abin da ke ciki. Ban sami ko layi ɗaya na Kaka ba. Na koma na zauna a bencin mai ƙosai, kukan da ban yi ba ranar jana'iza ya zo, tsohuwar tana bubbuga bayana tana cewa in yi haƙuri.

Na kira jami'in nan, ya ce shi sakawa kawai ya yi, bai karanta ba. Na tambayi abokan Kaka da suka rage, kowa ya ce ya tuna an yi jawabi, amma abin da ya ƙunsa ya shige musu. Wani ya ce kamar ya yi maganar jami'o'in arewa su haɗa hannu su riƙe hayar. Wani ya ce a'a, kamar cewa ya yi mai hali ya biya, marar hali a yafe masa. Na lura kowa ra'ayinsa yake sa wa mamaci a baki.

Malamar ta sami pepanta, na ɗauki hotonsa na sa hatimin mujalla, kwamiti ya karɓa. Sauran ina bin su shafi-shafi da na'urar ɗaukar hoto, ina mayar da su sabon shafi, wasu da tabon mai a gefe, kuma na bar tabon. Wannan karon na ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, har da ɗakin karatun wata jami'a da ta yarda ta riƙe. Hayar bana ni da tsofaffin ɗalibansa muka haɗa. Ta baɗi ban san wa zai biya ba, kuma wani matashi ya riga ya turo bincike a kan kaɗanya yana tambayar nawa ne. Saƙonsa na nan ban amsa ba. Nakan buɗe, in fara rubutu, in goge.

Ƙaramin Kaka bai ba ni haƙuri da baki ba, ba halinsa ba ne. Ranar da na dawo da mujallun daga wurin mai gyaran takalma da sababbin banguna, sai ga shi da tawadar wansa da alƙalamin kara. Ya zauna a ƙofar ɗakin ya jawo na farko. Na ga ya rubuta a bango, ya buɗe ya rubuta a ganye na gaba, ya sake buɗewa.

Na ce, "Ƙaramin Kaka, bango kawai yake yi."

Bai ɗago ba. "Shi ya sa aka tuɓe shi."

Ya yi kwanaki yana yi, daga hantsi zuwa kiran azahar. Da ya zo fitowar ƙarshe, inda na sa farar takarda a gurbin jawabin, ya rubuta Bismillah a samanta ita ma, ya hura ta bushe, ya miƙo mini da alƙalamin.

"Yaya ya buɗe miki. Sauran ke za ki cika."

Allah ya jiƙan Tsohona, ya yafe masa, ya ba shi gidan da ba a biyan haya. Takardar tana kan teburina, layi ɗaya a sama, ƙasa fari fat, kuma yaron kaɗanya yana jiran amsa.